Bidiyon da ake shiga tsakiyarsa: yadda laburare ke warware MPEG-TS, da abin da yake bar maka

Duk mai dish a gida ya san abin da ke biyo bayan haɗuwar hadari. Ana cikin kallon ƙwallo sai hoto ya fara farfashewa gida-gida, fuskar ɗan wasa ta rabu biyu, murya ta riƙa sarƙewa kamar mai shaƙuwa, can kuma allo ya tsaya cak. Ruwa na tsagaitawa hoton ya dawo da kansa, ba wanda ya taɓa rimot. To gwada haka da fayil ɗin MP4 da kake saukewa a waya data ta ƙare maka a tsakiya. Sau da yawa ko buɗuwa ba zai yi ba, saboda jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake yana can ƙarshen fayil ɗin, a ɓangaren da bai iso ba.

Abin da dikoda ke karɓa daga tauraron ɗan adam shi ake kira MPEG-TS, ko TS a taƙaice. Ƙa'idarsa ta fito a 1995 daga hukumar sadarwa ta duniya ITU da lamba H.222.0, ana kuma kiranta ISO/IEC 13818-1. Ƙa'idar ta zo da tsari biyu. Ɗaya na ajiya ne, wanda aka yi amfani da shi a faifan DVD, inda ake sa ran komai zai iso lafiya. Ɗayan, TS ke nan, an yi shi ne don hanyar da aka san za a yi asara a cikinta, kuma don mai kallon da zai kunna talabijin a duk lokacin da ya ga dama. Da shi tsarin talabijin na dijital DVB na Turai da Afirka ke aiki, haka ATSC na farko a Amurka da ISDB na Japan da Brazil. Sauyin talabijin zuwa dijital da Najeriya ta fara gwadawa a Jos a 2016 a kan DVB-T2 yake, wato TS ne ke yawo a iska. Ko a intanet bai mutu ba: tsarin HLS da Apple ya fito da shi a 2009 yanka bidiyo yake yi ƙanana-ƙanana, kuma shekaru da dama kowane yanki fayil ne na TS.

Na shiga wannan harka ne lokacin da aka ba ni aikin rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙa naɗar wasu tashoshin kyauta daga katin karɓar tauraron ɗan adam, tana yanka su awa-awa. Na ɗauki libavformat, laburare (wato shiryayyen ɓangaren manhaja da masu rubuta manhaja ke ɗorawa a tasu) na FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, mai karanta tsare-tsaren bidiyo, na rubuta abin cikin yini biyu, na gwada da fayil ɗin minti 10 ya yi aiki sumul. Da aka jona shi da kwarara ta gaske ko mako bai yi ba ya ba ni kunya har sau uku. Duk ukun kuma tushensu ɗaya: na ɗauki TS kamar fayil mai farko da ƙarshe, na kuma ɗauka laburare zai yanke mini shawarar da ni ya kamata in yanke.

Bayit 188

TS jerin fakitoci ne, wato ƙananan ƙunshin bayanai, masu tsawo ɗaya, kowanne bayit 188 (bayit ɗaya bit 8 ne, bit kuwa 0 ne ko 1). Lambar ta samo asali ne daga hanyar sadarwar ATM (ba na'urar cire kuɗi ba) da ake ji da ita a wancan zamani: kowane ƙwayar ATM na iya ɗaukar bayit 47 na kaya a tsarin da aka nufa, 47 sau 4 kuwa 188 ne. ATM ta zama tarihi, lambar ta zauna.

Bayit 4 na farko su ne kan fakiti. Na farkonsu kullum 0x47 ne (0x alama ce ta heksa, salon rubuta lamba da 0 zuwa 9 da A zuwa F), wanda in ka buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu za ka gan shi a siffar harafin G. Da shi ake gane bakin fakiti. Sai dai 0x47 na iya faɗowa a ko'ina cikin kayan bidiyo, don haka ganinsa sau ɗaya ba hujja ba ce. Ana duba ko ya sake bayyana bayan bayit 188, da bayan 376, haka dai. Ƙa'idar awo ta ETSI TR 101 290, wadda injiniyoyin gidajen talabijin ke aiki da ita, ta ce sai an ga 5 a jere sannan a yarda an kama layi, in kuma 2 a jere suka lalace to layi ya kuɓuce. A nan ne laburare ke fara biyan kuɗinsa, domin ba kowane TS ne mai 188 ba. Na faifan Blu-ray da kyamarorin AVCHD 192 ne, an ƙara bayit 4 na lokaci a gaba. Wasu na'urorin DVB na fitar da 204, da bayit 16 na gyaran kuskure a baya. Libavformat na gwada dukkan ukun ya zaɓi wanda ya fi dacewa, kai ba ka ma sani ba.

A cikin sauran bayit 3 akwai abin da komai ya rataya a kansa: lamba mai bit 13 da ake kira PID, daga 0 zuwa 8191. Ka ɗauki firikwensi ɗaya kamar babbar tashar mota. Tashoshin talabijin 10 ko fiye na iya kasancewa a kai, kowacce da hotonta, da muryarta, wata da murya biyu, wata da rubutun fassara, duk a cakuɗe, fakitin wannan na bin na wancan. PID ita ce lambar layin da kowane fakiti yake. Mai son hoton tasha kaza sai ya tsinci fakitocin PID ɗinta ya bar sauran su wuce. PID 8191 kuwa fanko ne zalla, cikon gurbi da ake turawa don kada saurin kwararar ya sauya. A wasu firikwensi za ka tarar da kaso mai yawa na abin da ka naɗa wannan iskar ce.

To ta ina baƙon da ya shigo yanzu zai san layin da zai bi? Kamar kamasho ne da ba ya gajiya da kiran gari. A PID 0 akwai wani tebur mai suna PAT da ake maimaitawa ba fashi, aƙalla sau ɗaya a kowane rabin daƙiƙa bisa awon DVB. Shi ke cewa tasha mai lamba kaza, nemi bayaninta a PID kaza. A can sai ka tarar da tebur na biyu, PMT, wanda ke lissafo PID na hoto, na murya, da irin matsin da aka yi wa kowanne.

Bari mu ga ɗaya da ido. In ka sa FFmpeg ya haɗa maka fayil ɗin TS ba tare da ka sauya komai ba, ka buɗe shi da manhajar duba heksa, kusa da farko za ka ga wannan:

47 40 00 10 00 00 B0 0D 00 01 C1 00 00 00 01 F0 00 2A B1 04 B2

47 mun san shi. A cikin 40 akwai bit ɗaya da aka kunna, mai cewa sabon abu ya fara a wannan fakitin. Ragowar bit 5 na 40 tare da 00 mai biye su ne PID, wato 0, PAT ke nan. 10 na cewa ba a kulle kayan ba, kaya ne zalla, kuma ƙidayar fakitin tana kan 0. 00 na gaba manuni ne, yana cewa teburin ya fara nan take. Sai 00 lambar nau'in tebur, B0 0D kuma tsawo, saura bayit 13. Can gaba 00 01 na biyu lambar tasha ce, F0 00 kuwa in ka cire bit 3 na sama ya zama 0x1000, wato 4096: nan PMT take. Bayit 4 na ƙarshe hatimin CRC ne, na tantance ko teburin ya iso lafiya. Bayit 167 da suka rage a fakitin duk FF ne. Wanda ya taɓa bin wannan layi da yatsa sau ɗaya, saƙonnin kuskuren laburare sun daina yi masa kama da yaren aljanu.

Kuskurena na farko daga nan ya fito. FFmpeg kan sa hoto a PID 256 da murya a 257, kuma a gwajin farko da na yi da tauraron na duba lambobin tashar da nake so na rubuta su cikin manhaja gaba gaɗi. Wata safiya na tarar da awanni na hoto ba murya. Masu tashar sun sake tsarin firikwensinsu cikin dare, murya ta koma wata PID. Dikodan gida bai ko girgiza ba, domin shi PMT yake bi. Kowane tebur na ɗauke da lambar siga mai bit 5, daga 0 zuwa 31, da zarar an sauya wani abu sai a ƙara ta. Libavformat ya ga sauyin, ya buɗe sabon layi na murya, ya ci gaba da miƙo mini fakitoci masu sabuwar lamba. Ni ne na zubar da su, don na ƙidaya layuka sau ɗaya a farko na ɗauka shi ke nan. A TS adadin layukan na iya ƙaruwa ana cikin karatu. Duk fakitin da av_read_frame, umarnin karatu na laburaren, ya ba ka, sai ka duba ko lambar layinsa ta wuce waɗanda ka sani. Akwai zaɓin merge_pmt_versions da ke sa laburare ya yi ƙoƙarin ɗora sabuwar PID a kan tsohon layi, yana kuma taimakawa, amma sai ka kunna shi da kanka.

Abin da laburare ke yi da kyau

Aikin yau da kullum da libavformat gajere ne. Ka kira avformat_open_input ya buɗe, ka kira avformat_find_stream_info ya ɗan saurara ya gano abin da ke ciki, sannan ka zauna kana kiran av_read_frame. A ƙarƙashi kuwa aiki ne jingim. Hoto ɗaya na bidiyo na iya cin ɗaruruwan fakitocin TS, tunda kowanne bayit 184 kawai yake ɗauka in ya cika. Ana fara naɗe hoton cikin wani babban ƙunshi mai suna PES, mai farawa da 00 00 01, sannan a yayyanka shi. Laburare ne ke tattara yankunan ya mayar da su ɗaya. Ƙunshin bidiyo ma an yarda ya rubuta tsawonsa 0, ma'ana ban sani ba, sai ka ga farkon na gaba ka san wannan ya ƙare. Tebur kuma na iya farawa a tsakiyar fakiti ya ƙarasa a na gaba, wanda shi ne amfanin manunin nan da muka gani. Duk mai cewa zai rubuta nasa mai karanta TS a yammaci ɗaya, a waɗannan wurare yake faɗuwa. A lura kuma, abin da FFmpeg ke kira AVPacket ba fakitin 188 ba ne, hoto ne guda ko guntun murya da aka riga aka haɗa. Sunan ya rikita mutane da yawa.

Gane nau'in kaya ma ba a miƙe yake ba. A PMT, 0x1B na nufin bidiyon da aka matse da salon H.264, 0x24 na HEVC, 0x02 tsohon bidiyon MPEG-2, 0x0F muryar AAC. Amma 0x06 cewa kawai yake kaya na musamman. A DVB yana iya zama muryar AC-3, ko rubutun fassara, ko teletext, sai an karanta ƙarin bayanin da ke maƙale da shi. Amurkawa kuma AC-3 ɗinsu 0x81 suke sa masa. Laburare ya haddace duk wannan, abin da zai ɗauke ka watanni kana tsinta.

Sauraron farko na da tsada, wannan kuwa naka ne ka daidaita. Avformat_find_stream_info na iya karanta har bayit miliyan 5 kafin ya gamsu, abin da ake kira probesize. In kana karanta firikwensi guda mai tashoshi da yawa, miliyan 5 ɗin na iya ƙarewa kafin cikakken hoton tashar da kake so ya iso, sai ka ga faɗi da tsawon hoto 0. In kuma siririyar kwarara ce, mai kallo na zaune yana jiran daƙiƙoƙi allo baƙi. Babu lambar da ta dace da kowa. Kuma da ka shiga tsakiyar H.264 za ka ga laburare na ta ƙorafin non-existing PPS, wato bai ga bayanan warware hoton ba. Ba ɓaci ba ne: ka iso ne tsakanin cikakken hoto da cikakken hoto, waɗanda ke zuwa yanzu bambanci kawai suke ɗauke da shi, sun dogara da wanda ya wuce ka. Ka jira na gaba, ƙorafin zai tsaya.

Agogo

A nan gizo ke saƙa, kuma nan na fi shan wuya.

Gidan talabijin da dikodanka ba agogo ɗaya suke kallo ba. In na dikoda ya fi sauri ko da ƙyas, wata rana zai cinye abin da ya tara ya tsaya jira. In ya fi nawa, kaya su yi masa yawa ya fara zubarwa. Maganin da aka yi shi ne mai aikawa ya riƙa sanar da ƙarfe nawa ne a wurinsa. Wannan sanarwa ita ce PCR, ƙidayar agogo mai bugawa sau miliyan 27 a daƙiƙa, wadda ake sakawa a wani fili na musamman bayan kan fakiti, aƙalla sau ɗaya a kowane kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa. Dikoda na saita nasa agogon da ita. Sannan kowane hoto da guntun murya na zuwa da PTS, lokacin da za a nuna shi, wasu kuma da DTS, lokacin da za a warware shi. Biyun sun bambanta ne saboda akwai hotunan da ke dogara da wanda zai zo bayansu, dole a aiko na bayan tukuna. Don haka in ka ga PTS na tsalle gaba da baya kaɗan-kaɗan, lafiya lau ne. DTS ne ya kamata ya riƙa hawa a jere.

PTS na ƙidaya ne sau 90,000 a daƙiƙa, a cikin bit 33. Yi lissafin: bit 33 na ɗaukar ƙidaya 8,589,934,592, ka raba da 90,000 ka sami daƙiƙa 95,443 da ɗoriya, wato awa 26 da rabi da 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan ƙidayar ta koma 0. Kuma ba daga lokacin da ka fara naɗa ake lissafin ba, daga inda agogon mai aikawa yake ne. Kana iya kunna manhajarka saura minti 5 ya juya.

Haka ta faru da ni. Ina yanka fayil ne in bambancin PTS na yanzu da na farkon fayil ya kai awa ɗaya. A rana ta biyu bambancin ya koma ƙasa da sifili, sharaɗin bai sake cika ba, manhajar ta ci gaba da zuba komai a fayil ɗaya har faifai ya cika. Libavformat na da dabarar gyara juyin, amma yana auna ta ne da lokacin farko da ya gani, don haka zagaye ɗaya take rufewa. Mai naɗar kwana da kwanaki sai ya riƙe nasa lissafin: duk sanda sabuwar lamba ta faɗo ƙasa da ta baya da fiye da rabin zangon, a ɗauka an juya, a ƙara zango guda a kai.

Juyi ma mai sauƙi ne, tunda ana iya hasashensa. Wanda ba a hasashe shi ne tsalle. An sauya injin matse bidiyo a gidan talabijin, ko wuta ta ɗauke musu an koma janareta, ko an saƙa talla daga wata na'ura, sai agogo ya tashi daga wata lamba daban. Ƙa'ida ta tanadi bit ɗaya na sanar da haka, ba kowa ne ke kunna shi ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in na ba umarnin ffmpeg na layin rubutu wannan fayil ɗin sai ya fito daidai, in na karanta da laburare sai lokaci ya wargaje. Sai da na shiga cikin lambobin manhajar na gane dalili: gyaran tsallen a cikin manhajar ffmpeg ɗin yake, wadda kan ɗauki tazarar da ta wuce daƙiƙa 10 a matsayin yankewa ta ɗinke. Laburaren alama kawai yake sawa cewa wannan tsari na iya yankewa, ya miƙo maka lambobin yadda suka zo. Ina ganin daidai suka yi. Mai kunna bidiyo so yake a ɗinke a wuce, mai sa ido kan ingancin watsawa so yake a nuna masa tsallen, laburare ba shi da hanyar sanin wanne ne kai.

Wannan rashin jadawali ne kuma ke sa tsawon fayil ɗin TS ya zama kintace. Laburare na duba lokaci a farko, ya leƙa ƙarshe, ya ɗebe. In akwai tsalle a tsakiya, sai ka ga naɗin minti 20 an ce awa 13 ne. Tsallakawa zuwa wani minti ma lalube ne: a faɗa tsakiya, a duba lokaci, a matsa gaba ko baya.

Asara

Bit 4 na ƙarshe a kan fakiti ƙidaya ce daga 0 zuwa 15, kowace PID da tata. In ka ga 6 sannan 9, fakiti 2 sun ɓace. Tana da sharuɗɗa: ba ta ƙaruwa a fakitin da ba shi da kaya, an yarda a maimaita fakiti sau ɗaya da lamba ɗaya, ba a kuma duba ta a PID 8191. In ko 16 cif suka ɓace, ba za ta nuna komai ba. Akwai kuma bit ɗin da na'urar karɓa ke kunnawa in ta kasa gyara fakiti, ta ce ga shi nan amma kada ka yarda da shi.

Libavformat na ganin duk wannan, yana sa wa fakitin alamar lalacewa, ya kuma miƙo maka shi. Zubarwa ko riƙewa naka ne. Akwai zaɓin discardcorrupt, amma ka yi tunani kafin ka kunna: in cikakken hoto aka zubar, duk masu dogara da shi sun tafi, maimakon ɗan farfashewa a kusurwar allo sai ka rasa daƙiƙa guda ko biyu. Ga mai ajiyar tarihi gara hoto mai tabo.

Kuskurena na uku asara ce da na jawo da hannuna. Mun koma karɓar kwararar ta UDP, wata hanyar aika saƙo tsakanin kwamfutoci, a cikin ofis, inda ake cusa fakiti 7 a kowane saƙo, bayit 1316, don ya shige ƙarƙashin iyakar 1500 ta Ethernet. Hoto ya riƙa farfashewa a kai a kai alhali sama tas, ko gajimare babu. Na zargi dish, na sa mai gyara ya hau rufi sau biyu, bawan Allah ya sauko yana rantsuwa sigina ta cika. Ashe manhajata ce ke tsayawa rubutu a faifai a zaren, wato layin aiki, da take karatu da shi. UDP ba ya jiran kowa. In ba ka ɗauka ba, ma'ajiyar ta cika, na baya su zube. Abin da ya tona asirin shi ne ɓacewar tana zuwa 7-7 ko ninkinsu in aka haɗa dukkan PID, alamar saƙo guda ne ke faɗuwa ɗungurungum. Na raba karatu da rubutu zuwa zare biyu, na ƙara girman ma'ajiyar ta zaɓin fifo_size, magana ta mutu. Mai gyaran dish dai na ba shi haƙuri da kuɗin mai.

Wane laburare?

FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2000, idonsa na kan hoto da murya. In burinka ka kunna, ka sauya tsari, ko ka mayar da TS zuwa MP4, shi ne. Ko a nan akwai ɗan tarko: yadda ake jera H.264 da AAC a TS ya bambanta da na MP4, muryar na bukatar matatar aac_adtstoasc, kodayake sababbin sigogi na saka ta da kansu. Amma FFmpeg na ɓoye maka fakitocin 188, kuma bai damu da yawancin teburan DVB ba. Zai ba ka sunan tasha daga teburin SDT da ke PID 17, amma jadawalin shirye-shirye da ke PID 18 ba zai warware maka shi ya zama sunan shiri da lokacinsa ba.

Don wannan akwai libdvbpsi na VideoLAN, masu VLC, ƙaramin laburare na C wanda aikinsa tebur kawai: ka ba shi fakiti, ya kira ka in tebur ya cika ko sigarsa ta sauya. Akwai kuma TSDuck na Thierry Lelégard, da C++, wanda ni a ganina duk mai taɓa TS ya kamata ya sauke ko da ba zai saka shi a manhajarsa ba. Umarninsa tsanalyze na zayyana maka kowace PID, saurinta, da adadin yankewar ƙidaya. Da na fara da shi, da mai gyara bai hau rufi ba. Mai aiki da GStreamer kuma yana da tsdemux. Batun lasisi a duba tun wuri: libdvbpsi LGPL ne, FFmpeg ma haka sai in an haɗa shi da sassan GPL, TSDuck kuma BSD.

Babu ɗayansu da zai buɗe maka tashar kuɗi. In bit 2 na kulle a kan fakiti ba 00 ba ne, kan fakitin da tebura na karantuwa, kayan ciki kuwa sai da mabuɗi.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. PMT na iya ɗaukar lambar harshe mai harafi 3 ga kowace murya, ta Hausa hau ce, FFmpeg kuma na fito da ita a bayanan layin. Amma filin cike shi ake yi da hannu a gidan watsawa, na sha ganin murya da Hausa an rubuta mata eng don ba wanda ya sauya abin da injin ya zo da shi. Kada manhajarka ta zaɓi murya da wannan kaɗai. Rubutun sunan tasha da na shirye-shirye kuma, in ba a ce komai ba, DVB na ɗaukarsa da wani tsohon jerin haruffan Latin da aka gina kan ISO 6937, wanda babu ƙ, ɗ da ɓ a ciki. Sai mai aikawa ya sa bayit 0x15 a farkon rubutun, alamar UTF-8, ko wata alamar Unicode, sannan haruffanmu su fito. In kana warware teburin da libdvbpsi, bayit ɗin yake ba ka ɗanye, kai za ka duba na farkon ka juya sauran. Na manta da haka a gwajin da na yi da wani jadawali da na haɗa da kaina, kalmar ƙwallo ta fito da wani ɗan akwati a gaba, sai baƙaƙe biyu marasa ma'ana, sannan wallo.